Yaro mai fargaba da kuma rashin natsuwa: da wane magani za a fara?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa tara. An duba shi an ce yana da ADHD, an rubuta masa Ritalin. Amma yaron nan akwai tsoro. Kullum da safe in za a tafi makaranta sai ya ce cikinsa na ciwo, da dare ba ya iya kwana shi kaɗai, kuma ba ya gajiya da tambayata ko wani abu zai same ni. Na karanta takardar da ke cikin kwalin maganin na ga an rubuta cewa yana iya jawo fargaba, sai na kasa ba shi. Shin zai ƙara masa tsoro? Ko maganin fargabar ya kamata a fara ba shi? Ana iya haɗa biyun?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damun ki. Fargaba ba ta hana a ba yaro Ritalin, kuma yawancin yara masu irin halin ɗanki ba ya ƙara musu tsoro. Ana iya haɗa shi da maganin fargaba idan buƙatar hakan ta taso. Abin da ba a yi shi ne a fara biyun rana ɗaya, ko a fara kowanne ba a tantance wace matsalar ce ta fi takura wa yaron ba.

Ɗanki ba shi kaɗai ba ne. Cikin yaran da ke da ADHD, wato matsalar ƙarancin mayar da hankali da rashin natsuwa, tsakanin ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku suna da ciwon fargaba tare da ita. Haɗuwar na da wuyar sha'ani domin kowacce na iya shiga rigar 'yar'uwarta. Malami a aji abu ɗaya yake gani: yaro bai ji abin da aka faɗa ba, bai gama aiki ba, yana ta mutsu-mutsu a kan kujera. Amma abin da ke gudana a cikin kan yaron ya bambanta. Mai ADHD waje ne ke ɗauke masa hankali: wani ya wuce ta taga, fensir ɗin na kusa da shi ya faɗi, ya tuna wasan jiya. Mai fargaba kuwa daga ciki ake janye shi. Idonsa na kan allo, zuciyarsa na gida, yana lissafin ko mahaifiyarsa ta isa inda za ta lafiya, ko za a manta ba a zo ɗaukarsa ba. Tambaya ɗaya nake yawan yi wa yara, ke ma ki gwada ta a lokacin da yake cikin walwala: "Sa'ad da malam ke magana ba ka ji ba, me kake tunani?" Amsar takan faɗi abin da takardun gwaji ba su faɗa ba.

Akwai kuma tarihin abin. ADHD kan bayyana tun yaro na ƙarami, ƙa'idar likitoci ma ita ce alamun su fara kafin shekara 12, a kuma gan su a wurare biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Ba ta zuwa hutu. Ko ranar da yaro ke cikin farin ciki zai manta inda ya ajiye takalminsa, ya katse wa mutane magana. Fargaba kuwa tana da wuraren da take tashi da wuraren da take kwanciya.

Sai a kula da wata fargabar da ADHD ce ta haife ta. Yaron da kullum ake kiran sunansa a aji don bai kawo aikin gida ba, wanda ya saba da faɗa da dariyar 'yan aji, dole gabansa ya riƙa faɗuwa idan gari ya waye. Tsoronsa na da dalili, domin abin da yake gudu yana faruwa da gaske. Irin wannan yaron, idan aka yi maganin ADHD ya fara gama aikinsa, sau da yawa tsoron kan ragu da kansa ba tare da wani magani na biyu ba. Ciwon cikin da ɗanki ke yi da safe na iya zama irin wannan. Amma rashin iya kwana shi kaɗai, da tambayar ko wani abu zai same ki, sun fi kama da fargabar rabuwa da uwa, wadda ciwo ce mai zaman kanta, kuma ba na sa ran Ritalin zai kawar da ita. Ki lura: ciwon cikin yana zuwa ranakun da babu makaranta? Idan za ki fita ki bar shi a gida yakan tayar da hankali? A makarantar, barin ki ne ke yi masa wuya ko haɗuwa da malami?

Kafin a ɗora komai a kan waɗannan biyun, likita zai so ya kawar da wasu abubuwan da ke kwaikwayonsu: ƙarancin barci ko minshari mai tsanani da ke yanke numfashi, matsalar ji ko gani, wahalar karatu da ba a gano ba, abin shaƙa na asma irin su Ventolin da ke sa zuciya bugawa da rawar hannu, abubuwan sha masu sinadarin kafin irin su kofi, yawan aikin ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro, da wata irin farfaɗiya da yaro kan yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi yana kallon wuri ɗaya. Haka nan a tambaya a tsanake ko ana cin zalinsa a makaranta, ko wani abin firgici ya taɓa faruwa da shi. Babu ƙwayar da za ta yi maganin tsoron yaron da ake duka a hanyar gida.

Yanzu batun takardar da kika karanta. Gaskiya ne an rubuta fargaba cikin illolin metilfenidet, wanda shi ne sinadarin da ke cikin Ritalin da Concerta, wasu takardun ma sun ce kada a ba mai tsananin fargaba. An daɗe likitoci na ɗari-ɗari da ba irin ɗanki wannan magani, bisa tunanin cewa abin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa zai zaburar da tsoro, kuma wai ba ya yi wa masu fargaba aiki sosai. Bincike bai goyi bayan wannan tunanin ba. A babban binciken da ake kira MTA, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1999, an bi yara 579 masu ADHD 'yan shekara 7 zuwa 9 na tsawon wata 14, kuma kusan ɗaya cikin uku daga cikinsu na da fargaba. Maganin ya yi musu aiki kamar yadda ya yi wa sauran. A 2015 kuma wasu masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka tattara gwaje-gwaje 23 da suka ƙunshi yara kusan 3,000, suka ga cewa yaran da aka ba maganin zaburar da ƙwaƙwalwa sun fi ƙarancin kokawa da fargaba a kan waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Shi ya sa NICE, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, a jagorarta ta 2018, ta ce a ba masu ADHD da fargaba zaɓin magunguna iri ɗaya da na sauran masu ADHD, sai dai a riƙa ƙara awon a hankali, a kuma yawaita duba su.

Takardar cikin kwali tana lissafa duk abin da aka taɓa gani, ba ta gaya miki yawan faruwarsa ga yaro irin naki ba. Duk da haka ba zan ce miki babu yaron da maganin ke ƙara wa tsoro ba. Akwai su, nakan gan su. Abin da ke kwantar min da hankali game da metilfenidet shi ne saurin shigarsa da saurin fitarsa. Mai gajeren zango kan fara aiki cikin kusan rabin awa zuwa awa ɗaya, ya fita bayan awa uku zuwa huɗu. Mai dogon zango kan kai awa 8 zuwa 12. Idan bai karɓi yaro ba, cikin kwana kaɗan za a gane, a dakatar, kuma washegari jikin yaron ya koma yadda yake. Ana farawa da kaɗan, galibi miligiram 5 sau ɗaya ko sau biyu a rana, a riƙa ƙarawa mako-mako gwargwadon abin da aka gani. Ina ba iyaye shawara su fara ranar da babu makaranta, don idonsu ya kasance a kansa.

Abin da za ki duba shi ne lokaci. Ki sami ƙaramin littafi, kullum ki rubuta ƙarfe nawa ya sha, da ƙarfe nawa kika ga wani canji. Idan awa ɗaya ko biyu bayan sha sai ya yi tsuru-tsuru, yana cizon farce ko leɓe, yana cewa zuciyarsa na bugawa, tambayoyinsa na tsoro suka ƙaru, to maganin ne, kuma galibi awon ya yi masa yawa ko kuma ƙwayar ba ta dace da shi ba. Idan kuwa da rana lafiya lau yake, sai da yamma ya ɓalle da kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba, yana fushi, yana manne miki, wannan fitar maganin ce daga jiki. Gyaransa daban ne: a sauya lokacin sha, ko a koma mai dogon zango wanda ke sauka sannu a hankali, kuma sau da yawa yunwa na da hannu a ciki, domin maganin na rage cin abincin rana. Akwai na uku da iyaye kan ɗauka ƙarin fargaba ne alhali ba haka ba ne. Yaron da da ba ya tsayawa wuri ɗaya, yanzu ya natsu har ya iya zama ya faɗi abin da ke ransa. Tsoron yana nan tun da, ƙiriniya ce ta rufe shi. Wannan littafin ya fi amfani ga likita a kan "ai ban ga wani canji ba" ko "sai a hankali".

Sauran abin lura sananne ne. Rage cin abinci da wahalar yin barci su ne suka fi yawa. Ana auna nauyi duk wata uku ga yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa, tsawo duk wata shida, a kuma auna bugun zuciya da awon jini duk lokacin da aka sauya awon magani. Kafin a fara, ki gaya wa likita idan yaron ya taɓa suma yana wasa, ko yana da ciwon zuciya, ko akwai wanda ya rasu farat ɗaya yana matashi a danginku ko dangin mahaifinsa.

To idan fargabar ce ta fi ƙarfi fa? Ina nufin yaro ya daina zuwa makaranta, ko kullum sai an yi kokawa a bakin ƙofa, ko dare ya zama tashin hankali ga gidan gaba ɗaya. A nan ita za a sa a gaba, kuma ba ƙwaya ce matakin farko ba. Matakin farko shi ne jinyar da ake kira CBT, inda ƙwararre ke koya wa yaro gane tunanin da ke tsorata shi, sannan ya riƙa tunkarar abin tsoron mataki-mataki har jikinsa ya yarda cewa ba abin da zai faru. Mafi girman bincike a wannan fage shi ne CAMS, wanda aka buga a 2008, a kan yara 488 'yan shekara 7 zuwa 17. Bayan mako 12, kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa CBT kaɗai sun sami sauƙi sosai, waɗanda aka ba satralin kaɗai kashi 55, waɗanda aka haɗa musu biyun kashi 81, masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta kuma kashi 24. Ki dubi alƙaluman nan da kyau. Jinyar magana ta yi daidai da magani, haɗa su kuma ya fi kowanne nesa ba kusa ba. A binciken MTA ma an ga wani abu makamancin haka: yaran da ke da fargaba tare da ADHD sun amfana da jinyar gyaran ɗabi'a fiye da yadda sauran suka amfana, har sakamakonta ya kusa kamo na magani.

Idan fargabar ta yi tsanani, ko an yi CBT ba ta wadatar ba, ko babu mai yin ta a kusa, sai a duba magungunan da ake kira SSRI: satralin wato Zoloft, fuluwoksetin wato Prozac, da esitalofram wato Lexapro ko Cipralex. Za ki ga an rubuta maganin ciwon baƙin ciki a jikin kwalin, kada ya ruɗe ki, su ne kuma maganin fargaba. Halinsu ya saɓa da na Ritalin ta kowace fuska. Ba a ganin aikinsu sai bayan mako biyu zuwa huɗu, cikakken aikin kuma sai mako 8 zuwa 12. Kullum ake sha, babu tsallake ranar hutu. Idan sun yi aiki akan ci gaba kamar shekara guda bayan yaro ya warware, sannan a janye sannu a hankali a lokacin da babu jarrabawa ko wani sauyi a rayuwarsa. Yanke su rana ɗaya na kawo jiri, tashin zuciya da rashin barci.

Abubuwa biyu nake so ki riƙe game da su. Na farko, a makonnin farko wasu yara, musamman ƙanana irin ɗanki, kan yi wata irin zabura: rashin zama wuri ɗaya, surutu, rashin barci, rashin kunya da ba a san su da shi ba. Idan yaro na da ADHD, abu ne mai sauƙi a ce ai ita ce ta ƙaru, a ƙara masa Ritalin, alhali rage awon SSRI ɗin ne maganin abin. An gudu ba a tsira ba ke nan. Shi ya sa ake farawa da awo ƙarami, kuma shi ya sa likita zai tambaya ko akwai mai ciwon nan na hawa da saukar yanayi a dangi, wanda mutum kan yi kwanaki ba barci yana ji da kansa sannan ya faɗa baƙin ciki. Na biyu shi ne gargaɗin da hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ɗora a kan wannan rukunin a 2004. Da ta haɗa gwaje-gwaje 24 na yara da matasa fiye da 4,400, ta ga tunanin kashe kai ko yunƙurinsa ya bayyana ga kusan 4 cikin 100 na masu shan maganin, a kan 2 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba. Babu yaro ko ɗaya da ya kashe kansa a waɗannan gwaje-gwajen. Ba na ɓoye wa iyaye wannan, kuma ba na ganin ya isa ya hana a ba yaron da fargaba ta hana shi rayuwa. Abin da yake wajabtawa shi ne sa ido a watannin farko da duk lokacin da aka sauya awo, da kuma tambayar yaron kai-tsaye, cikin taushin murya, ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin.

Daga nan za ki ga dalilin da ya sa na ce ba a fara biyun tare. Rashin barci, ciwon kai, ciwon ciki, rage cin abinci, rashin natsuwa, duk ana samunsu a ɓangarorin biyu. Idan kika fara ƙwaya biyu ranar Asabar, ranar Laraba yaro ya kasa barci, babu likitan da zai iya gaya miki wacce ce. Idan kuma ya sami sauƙi, ba za a san wacce ta yi aikin ba, sai ya yi shekaru yana shan biyu alhali wataƙila ɗaya ta ishe shi. Ɗaya ake farawa, a daidaita awonta, a jira ta nuna iyakar abin da za ta iya, sannan a sake auna abin da ya rage. Idan matsalolin biyu sun yi kunnen doki, ni nakan fi son a fara da metilfenidet tare da CBT, domin cikin mako kaɗan za a san matsayinsa, kuma yaron da ya natsu ya fi iya zama ya koyi abin da ake koya masa a ɗakin jinya.

Haɗa metilfenidet da satralin ko fuluwoksetin abu ne da likitocin yara ke yi, kuma galibi jiki na ɗauka lafiya. Sai dai hujjar bincike a kan haɗin ba ta kai ta kowanne shi kaɗai ƙarfi ba. Wani ƙaramin gwaji na 2005, mai yara da ba su kai 50 ba, ya ƙara wani SSRI a kan metilfenidet bai ga bambanci a fargabar ba. Gwajin ya yi ƙanƙanta da a yanke hukunci da shi, amma ya ishe mu dalilin cewa magani na biyu sai ya nuna amfaninsa a fili kafin a bar yaro a kansa. Idan maganin ADHD ɗin daga dangin amfetamin ne, kamar Adderall ko Vyvanse, ana ƙara lura, domin haɗa shi da SSRI na iya sa sinadarin serotonin ya yi yawa a jiki, ko da yake ba kasafai ba. Alamunsa zazzaɓi, gumi, rawar jiki, gudawa da ruɗewa, kuma asibiti ake zuwa nan take.

Akwai hanya ta uku da ya kamata ki sani, wato atomoksetin, wanda aka fi sani da Strattera. Maganin ADHD ne da ba ya cikin masu zaburar da ƙwaƙwalwa, kuma a wani gwaji na 2007 a kan yara 176 masu ADHD da fargaba, ya rage alamun biyun cikin mako 12. Ga yaron da metilfenidet ya ƙara wa tsoro, ko iyayen da ba sa son ƙwaya biyu, zaɓi ne mai kyau. Amma yana da nasa nauyin. A kan ADHD ƙarfinsa bai kai na metilfenidet ba, yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida ko fiye kafin a ga aikinsa, yana sa tashin zuciya da kasala a farko, kuma shi ma yana ɗauke da gargaɗin tunanin kashe kai, kusan yara 4 cikin 1,000. Da nauyin yaro ake auna shi. Wani abu mai muhimmanci: fuluwoksetin da faroksetin, wanda shi ma SSRI ne, suna toshe hanyar da hanta ke bi ta sarrafa atomoksetin, sai ya taru a jini ya ninka. Idan likitoci biyu ne ke ganin ɗanki, ki tabbata kowanne ya san abin da ɗayan ya rubuta.

Guwanfasin da kulonidin, wasu magungunan da ake ba masu ADHD, suna rage ƙiriniya da taimaka wa barci, amma ba a tabbatar suna maganin fargaba ba, kuma ba a yanke su rana ɗaya domin jini na iya hawa. Su diyazefam kuwa, wato Valium da danginsa, ki guje su ga yaro. Gwaji bai nuna suna maganin fargabar yara ba, suna dusashe ƙwaƙwalwar da ake son ta yi karatu, wasu yaran ma ƙara musu rashin ji suke yi, ga kuma sabo. Ina roƙon ki kada ki karɓi kowane irin "maganin kwantar da hankali" daga hannun wanda ba likitan yaron ba.

Saura ɓangarenki, wanda a ganina ya kai kowace ƙwaya muhimmanci. Fargaba na rayuwa ne da gujewa. Duk daren da kika kwanta kusa da shi har ya yi barci, duk safiyar da aka bar shi a gida saboda ciwon ciki, yana samun sauƙi nan take, amma ƙwaƙwalwarsa na ɗaukar darasin cewa da ba a cece shi ba da wani abu ya faru. Ba laifinki ba ne, kowace uwa haka za ta yi. Masanin halayyar yara Eli Lebowitz na Jami'ar Yale ya tsara wata jinya mai suna SPACE wadda iyaye kaɗai ake gani, ana koya musu janye irin wannan ceton a hankali, kuma a gwajin da aka buga a 2020 a kan yara 124 sakamakonta bai gaza na CBT ba. A aikace ga yadda abin yake. Da rana, ba da dare ba, ki gaya masa abin da za a yi. Makon farko ki zauna a kan kujera kusa da gadonsa maimakon kwanciya tare da shi. Mako na gaba kujerar ta koma bakin ƙofa. Daga nan ki riƙa fita kina dawowa bayan minti biyu, sai biyar, sai goma, kuma ki cika alƙawarin dawowar ko da ya yi shiru. Idan ya tambaya ko wani abu zai same ki, ki amsa sau ɗaya, idan ya maimaita ki ce, "Na san tsoro ne ke damun ka, kuma na san za ka iya jurewa." Daren farko da na biyu za su yi wuya, kuka na iya ƙaruwa kafin ya ragu. Yaro mai ADHD na buƙatar matakan su zama gajeru, a rubuta su ko a zana a manna inda zai gani, a kuma yaba masa nan take, ba sai ƙarshen mako ba.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki koma wurin likitan da ya rubuta Ritalin ɗin, domin shi ya ga yaron, kuma mai yiwuwa bai ji labarin daren da tambayoyin ba. Ki gaya masa ba ki fara ba da dalilinki. Ki nemi a auna fargabar da takardar tambayoyi irin su SCARED, wadda uwa ke cike tata yaro ya cike tasa, a kuma karɓi bayanin malaminsa, don a sami ma'aunin da za a kwatanta da shi bayan an fara magani. Ku zaɓi abu biyu ko uku da za a iya ƙirgawa, kamar yawan safiyar da ya tafi makaranta ba kuka, ko minti nawa yake ɗauka kafin ya yi barci, ku kuma sa ranar dawowa cikin mako biyu zuwa huɗu. Idan an fara kowane magani sai ya yi maganar mutuwa ko cutar da kansa, ko ya suma, ko ya kama ƙirjinsa da ciwo, ko ya ce yana ganin abin da babu, ko ya yi kwana biyu ba barci kuma bai gaji ba, ko idonsa ya yi rawaya yana kan atomoksetin, kada ki jira ranar dawowar, ki kai shi asibiti nan take.